Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi: Muhawara Kan Ƙure wa Kwamfuta Gudu

Akwai wata gardama tsakanin masu harkar kwamfutar tebur wadda ta haura shekara ashirin ba ta mutu ba. Wasu na cewa gudun da kamfani ya rubuta a kwalin furosesa ba shi ne iyakar ƙarfinsa ba, da gangan aka rage, saboda haka wanda ya sa kuɗinsa ya saya yana da ikon tatso ragowar. Wasu kuma na cewa ragowar nan ba ta banza ba ce, ita ke riƙe da injin ranar da zafi ya tsananta ko wuta ta yi rawa, wanda ya cinye ta kuwa bashi ya ci. Inda ɓangarorin biyu suka fi cin karo shi ne gaban kwamfutar da aka ƙara wa gudu, aka danna maɓalli, fanka ta juya, fitilu suka kama, allo kuwa ya yi baƙi ƙirin. Ɗaya ya ce, "Ka gani ko, ka kashe ta." Ɗaya ya ce, "Ba abin da ya same ta, minti biyar ya isa." A wannan gaɓa mai cewa ba abin da ya same ta ne ke da gaskiya. Sai dai mai cewa an kashe ta yana da hujjar da ta fi wadda ya kawo ƙarfi, kuma ba a baƙin allo take ba.

Me ake taɓawa?

Gudun furosesa lissafin ninkawa ne. Akwai agogon tushe a madabod, wanda a injinan yanzu yake bugawa sau miliyan 100 a daƙiƙa, wato 100 MHz, sai adadin ninki da furosesa ke ɗorawa a kai. Ninki 36 ya ba da 3.6 GHz, ninki 45 ya ba da 4.5 GHz. Mai neman ƙarin gudu yakan shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ya ɗaga adadin ninkin. In injin ya fara tangal-tangal sai ya ƙara masa ƙarfin wuta kaɗan, a ce daga bolt 1.20 zuwa 1.25, don taransistocin ciki su iya sauyawa da saurin da ake nema. Agogon tushe ba a cika taɓa shi ba, musamman a injinan Intel na 2011 da ƴan shekarun bayanta, inda hanyar diski da ta katin hoto suke rataye a jikinsa. Da an ɗaga shi kaɗan su ma sai su rikice. Kuma ba kowane furosesa ne ke buɗe ba. A wajen Intel sai mai harafin K a ƙarshen lambarsa, a kan madabod mai harafin Z. AMD kuwa tun da ya fito da Ryzen a 2017 ya bar kusan dukkansu a buɗe, muddin madabod ɗin na jerin B ne ko X.

Hujjar masu cewa a ƙure

Hujjarsu ta farko daga masana'anta take farawa. Furosesoshi da yawa ake yanka daga faifan silikon ɗaya, kuma ba sa fitowa daidai da juna. Kamfani na gwada su ya rarraba: wannan ya kai gudu kaza da wuta kaɗan, wancan sai an ƙara masa. Amma kasuwa ta fi neman masu araha, don haka sau da yawa akan ɗauki lafiyayyen furosesa a manna masa lamba ta ƙasa a sayar da shi da rahusa. Ban da wannan, kamfani na barin tazara domin mafi munin yanayi, kamar ɗaki mai zafi, fanka mai ƙura da wutar da ba ta tsaya ba. Wanda ya sayi ƙarfen sanyaya mai kyau, in ji su, don me zai zauna a kan ƙa'idar da aka tsara domin wanda bai taɓa buɗe kwamfutarsa ya kakkaɓe ba?

Tarihi ma yana bayansu. A 1998 Intel ya fitar da Celeron 300A, mai gudun 300 MHz, wato agogon tushe 66 MHz a ninka huɗu da rabi. Nan da nan mutane suka gano cewa in an mayar da agogon 100 MHz a madabod irin su Abit BH6, sai ya koma 450 MHz, ya yi kafaɗa da kafaɗa da Pentium II 450 wanda ya ninka shi kuɗi sau da yawa. Ƙarin kashi 50 cikin ɗari kenan ba tare da biyan ko sisi ba. Core 2 Quad Q6600 na 2007 ya zo da 2.4 GHz, kuma kai shi 3.0 GHz ya zama ruwan dare. Core i5-2500K na 2011 an rubuta masa 3.3 GHz, amma mutane da yawa sun ajiye shi a 4.5 GHz suka yi shekaru suna aiki da shi. Wanda ke tace bidiyo ya san abin da ƙarin kashi ɗaya cikin uku ke nufi: aikin da injin zai kwashe awa huɗu yana niƙawa ya dawo kusan awa uku.

Sannan suna tambaya, in abin haramun ne, me ya sa kamfanonin da kansu suke sayar da shi? Intel na karɓar ƙarin kuɗi a kan harafin K. Masu ƙera madabod irin su ASUS, MSI da Gigabyte na tallar ƙarfin sashen da ke daidaita wa furosesa wuta. RAM ɗin da aka rubuta wa 3200 a kwali, in aka sa shi aka ƙyale, sau da yawa a 2133 zai tashi, sai an shiga BIOS an kunna XMP kafin a samu abin da aka biya. Shi ma wannan ƙarin gudu ne, kuma miliyoyin mutane na yin sa ba tare da sun ɗauki kansu masu kasada ba. Har gasa ake yi, inda ake zuba ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili a kan furosesa. A 2011 an kai AMD FX-8150 sama da 8.4 GHz, a ƙarshen 2022 kuma aka haura 9 GHz da Core i9-13900K. Ba wanda ke aiki da irin wannan gudu, amma yana nuna yadda zafi ne babban shingen, ba lambar kwali ba.

Baƙin allo ba mutuwa ba ne

Hujjar masu cewa a ƙure mafi ƙarfi ita ce ƙin tashi yana da magani, kuma maganin ba ya cin kuɗi. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, kafin Windows ya leƙo, madabod na bin kayan ciki ɗaya bayan ɗaya: furosesa, RAM, katin hoto, sannan diskin da za a tashi daga kansa. In furosesa ya kasa ɗaukar gudun da aka ɗora masa da wutar da aka ba shi, a matakin farko ake tsayawa, shi ya sa ko tambarin kamfani ba a gani. Saitin da ya jawo haka kuwa ba a jikin furosesa yake ba, a ajiye yake a madabod, ana iya goge shi.

Irin wannan aiki kullum yana zuwa shagon masu gyara. Saurayi ya shigo rungume da injin, yana cewa, "Oga, wallahi lamba ɗaya kawai na canza." Mai gyara bai ko ɗaga kai sosai ba ya ce, "To, malam, ajiye ta nan, kada ka jona tukuna." Sai ya tabbatar wayar wuta ba ta jiki, ya danne maɓallin kunnawa na ƴan daƙiƙoƙi don ragowar wutar da ta maƙale ta zube. Ya kwance murfin gefe, ya leƙa ƙasan katin hoto inda wani farin batiri mai kama da kwabo yake kwance, CR2032, mai bolt 3. Ya tura ɗan ƙarfen da ke riƙe da shi da farce, batirin ya yi tsalle ya fito. Bayan minti biyar ya mayar. In yana sauri, sai ya nemi ƴan filoli biyu da aka rubuta wa CLR_CMOS, ko CLRTC a madabod ɗin ASUS, ko JBAT1 a na MSI, ya haɗa su da bakin sukundireba na kamar daƙiƙa goma. Ya jona, ya kunna, allo ya kawo rubutu cewa an koma saitin asali, a danna F1.

Madabod da yawa ma ba sa jiran a yi musu haka. In suka gwada tashi sau biyu ko uku abin ya faskara, da kansu suke komawa saitin lafiya su rubuta cewa ƙarin gudun bai yi nasara ba. Wasu suna da ƴan fitilu huɗu a gefe, an rubuta musu CPU, DRAM, VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda aka maƙale. Gigabyte ya daɗe yana sa BIOS biyu a madabod ɗaya, in ɗaya ya lalace ɗayan ya karɓa. To, in ji masu wannan ra'ayi, wace kasada ce wannan da cire batiri ke warware ta? Kuma yaron da ya bi wannan hanya sau biyu ya fi wanda bai taɓa buɗe BIOS ba sanin kwamfuta.

Hujjar masu cewa a ƙyale

Ɗaya ɓangaren kuwa daga lissafi yake farawa. Wutar da furosesa ke sha tana ƙaruwa daidai da gudu, amma game da ƙarfin bolt ninki biyu take bi, wato bolt sau bolt. A ɗauki misali: an ɗaga gudu da kashi 15 cikin ɗari, an kuma ɗaga bolt da kashi 15 don ya tsaya. Shan wuta ba da kashi 15 zai ƙaru ba, zai haura kashi 50. Duk wutar nan kuwa zafi take komawa, a wurin da bai kai faɗin ɗan yatsa biyu ba. Galibin furosesoshin Intel a digiri 100 suke fara rage gudu da kansu don kada su ƙone, Ryzen 7000 kuma a 95. Mutum na iya ɗaga lamba a BIOS ya ji daɗi, alhali da aiki ya yi nauyi injin zai ja da baya har ƙasa da inda yake a da.

A nan ne yanayin ƙasa ke shigowa. Ƙarfen sanyaya ba ya ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki yake amfani da ita. Saitin da ya tsaya a digiri 80 cikin ɗakin da ke da digiri 25, in aka kai shi ɗakin da ke da 40 zai doshi 95. Yawancin lambobin da ake gani a bidiyon intanet a ɗakuna masu sanyi aka samo su. Wanda ya kwafo su ya sa wa injinsa a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai cikin watan Afirilu ya kwafo rabin labari ne. Ko a gari ɗaya ma, saitin da aka gwada da sanyin Disamba zai iya cin amana a bazara, bayan ƙurar hunturu ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya. Ga kuma batun wuta. Mai aiki da janareto ko inbata kowane wat kuɗi ne a wurinsa, kuma fawa-fak maras inganci da ke lallaɓawa a gudun asali shi ne farkon wanda zai sare in aka ƙara masa kaya.

Hujja ta biyu ita ce ta fi damun wanda ya fahimce ta. Kwamfutar da ta ƙi tashi ta faɗi gaskiya. Wadda ake tsoro ita ce ta tashi, ta buɗe Windows, komai ya yi kamar lafiya, amma jefi-jefi furosesa ya yi kuskuren lissafi. Wani lokacin kuskuren ya fito fili, allo ya yi shuɗi da rubutun WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR ko CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT. Wani lokacin kuma shiru: fayil ya lalace wajen ajiyewa, bidiyon biki ya tsinke a tsakiya, Windows ya ruɓe sannu a hankali, kuma ba wanda zai danganta shi da lambar da aka canza wata uku da suka wuce. A 2005 Raymond Chen, wani injiniyan Microsoft, ya ba da labarin rahotannin faɗuwar Windows da ke zuwa musu a kan wani umarni mai sauƙin da lafiyayyen furosesa ba zai taɓa kuskure a kansa ba. Da aka bi sawu sai aka tarar injinan an ƙure musu gudu, wasu masu su ma ba su sani ba, a haka aka sayar musu. A 2011 masu bincike na Microsoft suka nazarci rahotannin kwamfutoci kusan miliyan ɗaya, suka ga waɗanda aka ƙara wa gudu sun fi faɗuwa nesa ba kusa ba, waɗanda ke aiki ƙasa da ƙa'ida kuma sun fi kowa lafiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ta uku ita ce lalacewar da ba ta gyaruwa. Wuta mai ƙarfi da zafi na cin ƴan siraran hanyoyin ƙarfe da ke cikin furosesa, kamar yadda ruwa ke zaizayar gefen kwari, kowace damina a rasa taki ɗaya. Alamarta ita ce saitin da ya tsaya bara ya fara neman ƙarin bolt bana, har ta kai ko gudun asali sai da lallami. Ba tatsuniya ba ce. A 2024 Intel ya amsa cewa wasu furosesoshinsa na tebur na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda ƙarfin wutar da ya wuce kima, kuma ba masu su ne suka ɗaga ba, tsarin kamfanin ne da kansa. Ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ya ƙara shekara biyu a kan garanti, amma wanda ya riga ya lalace sai dai canji. A watan Afirilun 2023 kuma aka ga wasu Ryzen 7000X3D sun ƙone har ƙasansu ya kumbura, soket ya lalace, abin da ya sa AMD ya ƙayyade wutar wani sashe na furosesan a bolt 1.3. In injiniyoyin da suka ƙera abu suna iya zarce iyaka ba su ankara ba, ina ga mai kwafar lamba daga waya?

Ta huɗu, ribar ta ƙare. Tun 2008 Intel ya shigo da Turbo Boost, AMD ma yana da nasa, furosesa na duba zafinsa da wutarsa ya ɗaga gudu da kansa. Core i9-14900K daga kwali yake taɓa 6 GHz, yana shan wat 253. Kamfani ya riga ya tatse abin da ake tatsa a zamanin Celeron. Shaida biyu sun zo a shekara ɗaya. A 2021 Intel ya rufe shirin inshorar da yake sayar wa masu ƙure gudu. A shekarar ce kuma kamfanin Silicon Lottery na Amurka, wanda sana'arsa ita ce gwada furosesoshi ya ware masu jure gudu ya sayar da tsada, ya rufe shago, kuma cikin dalilan da ya bayar har da cewa tazarar ta tsuke.

Inda kowa ya zarce

Masu cewa cire batiri ya wadatar sukan manta cewa goge CMOS, wato ma'ajiyar saitin madabod, ba gudu kaɗai yake gogewa ba. Kwanan wata na komawa baya, jerin diskin tashi na iya sauyawa. In an girka Windows a kan wani saitin diski, aka goge ya koma wani, sai a tashi da shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, mutum ya ɗauka diskin ne ya mutu. In diskin na kulle da BitLocker, canjin saiti na iya sa ya nemi mabuɗin ceto mai lamba 48, wanda bai adana ba kuwa ya shiga uku. Sannan in gyaran ya kai ga sabunta BIOS, a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, yin sa ba tare da UPS ba ganganci ne, don in ya katse a tsakiya madabod na iya zama kwali. Maganin rikicewar saiti kuwa na nan, amma sai ga wanda ya ɗauki hoton shafukan BIOS da wayarsa tun kafin ya taɓa komai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu adawa kuma sukan ɗora wa furosesa laifin da ba nasa ba. Sau da yawa in injin ya ƙi tashi bayan an taɓa saiti, RAM ne ya ƙi, fitilar DRAM ma za ta nuna. Sandunan RAM huɗu sun fi biyu wahalar tsayawa a babban gudu, haɗa sanduna na kamfani daban-daban kuma neman rigima ne. A injinan DDR5, musamman na AMD, tashin farko bayan canza saiti na iya ɗaukar mintuna allo na baƙi, madabod na gwada RAM ɗin ne. Mai gaggawa ya kashe a tsakiya ya ce ta mutu. Akwai madabod da ke rubuta cewa ƙarin gudu bai yi nasara ba alhali ba wanda ya ƙara komai, wuta ce aka ɗauke yana tsakiyar tashi. Batirin CMOS da ya tsufa, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya in ya bushe, wayar wutar furosesa mai fil takwas in ba ta zauna ba, duk suna kawo irin wannan ciwo. Hanyar ganewa ɗaya ce: a koma saitin asali, a bar sandar RAM ɗaya, a cire duk abin da ba dole ba. In ta tashi, a riƙa mayar da abu ɗaya-ɗaya. In ba ta tashi ba, matsalar ba ta gudu ba ce. Kuma furosesa bai cika mutuwa nan take don an ɗaga ninki ba. Mai kisa shi ne bolt, musamman in aka bar shi a kan Auto madabod ya riƙa zuba yadda ya ga dama.

Auna hujjojin

Da aka ɗora su a sikeli, abin da ya fito shi ne ɓangarorin biyu kan iyaka daban-daban suke magana. Iyaka uku ce. Akwai inda kwamfuta ke ƙin tashi, ita ce ta sama, ita ce kuma mafi sauƙin gani da gyarawa. Ƙasa da ita akwai inda take tashi amma tana kuskure in aiki ya yi nauyi. Sannan akwai inda ba ta kuskure yau, amma wuta da zafi na cin ta a hankali. Masu goyon baya sun yi gaskiya a kan ta farko. Masu adawa sun yi gaskiya a kan biyun ƙarshe. Babban kuskuren sabon shiga shi ne ya ɗaga lamba har injin ya ƙi tashi, ya sauko taki ɗaya, ya ce ya gano iyaka. Wurin da ya tsaya ɗin nan shi ne tsakiyar haɗari.

Wanda zai yi, ga yadda masu hankali ke yi. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, ninki ɗaya, a rubuta a takarda. Bolt da hannu ake sa shi, a riƙa ƙarawa ƙanƙani. Bayan kowane mataki a ɗora wa injin kaya da manhaja irin su Prime95 ko OCCT na awoyi, ana kallon zafi a HWiNFO, RAM kuma a gwada shi da MemTest86. Da tsakar rana ake gwajin, a ɗakin da injin zai zauna, ba da asuba ba. In an samu inda ya tsaya daram, a sauko ƙasa da shi mataki ɗaya ko biyu, a mayar wa injin wani abu daga tazarar da aka karɓe. In bazara ta shigo a sake gwadawa.

Saura tambayar wa ya kamata ya yi. Mafi yawan kwamfutocin tebur na hannu da ake samu a kasuwanninmu tsofaffin injinan ofis ne irin su Dell OptiPlex da na HP, BIOS ɗinsu ba shi da ƙofar ƙarin gudu ko kaɗan, gardamar ma ba ta shafe su ba. Mai irin wannan injin, SSD a madadin tsohon diski da ƙarin RAM za su ba shi saurin da ba wani saiti da zai ba shi. Mai sabon furosesa na ƴan shekarun nan, abin da zai samu bai kai abin da zai sa a caca ba. Ya kunna XMP ko takwaransa EXPO, ya gwada RAM ɗin da kyau, in ma zai taɓa bolt to ƙasa ya kamata ya yi da shi. Rage wuta kaɗan na sauke zafi, furosesan da ya yi sanyi kuma da kansa yake riƙe babban gudu, kodayake shi ma sai an gwada, don ragi in ya yi yawa kuskure yake kawowa. Wanda muhawarar ta ba gaskiya shi ne mai tsohon injin buɗaɗɗe irin 2500K, wanda garantinsa ya daɗe da ƙarewa, kuɗinsa a kasuwa bai taka kara ya karya ba, kuma ba a kansa abincin gida ya dogara ba. Shi kam ya ƙure, zai samu gudu, zai kuma samu ilimi.

Amma injin da ke ɗauke da bidiyon bikin mutane, ko lissafin shago, ko kundin digirin ɗalibi, a bar shi a gudun da aka ƙera shi. Mai shi ne zai ci ribar mintunan da aka rage, amma in fayil ya lalace wanda ya kawo aiki ne zai yi asara, shi kuwa ba a yi shawara da shi ba. Haka nan mai sayar da injin da aka ƙure wa gudu, wajibi ne ya faɗa wa mai saye, ko ya mayar da saitin asali kafin ya karɓi kuɗi.